Maƙoƙon Gwaggo da harafi ɗaya a cikin "bolar" DNA

Gwaggona ta fi shekara 20 tana ɗauke da maƙoƙo. Tun ina firamare nake ganinta da mayafi naɗe har haɓa ko ana tsakiyar zafin bazara, kuma har yau tana nan garau, tana surfenta tana kiwon awakinta a ƙauyenmu can gefen Garun Malam. Shi kuwa wani dattijo maƙocinmu da duk unguwa muke ce wa Baba, nasa kumburin bai kai ƙwan zabo ba lokacin da aka lura da shi wajen yankan shinkafa, amma kafin a cire alkama murya ta dishe, abin ya yi tauri kamar ka taɓa dutse, tuwo ya daina wucewa sai koko, damina ba ta same shi ba. Allah ya jiƙansa. Mutan gari suka ce ai maƙoƙo ba ya kisa, wannan jifa ne kawai.

Abu biyu ne a waje ɗaya. Na Gwaggo maƙoƙo ne na yau da kullum, na Baba kuwa duk alamunsa na cutar kansa ne, wato ciwon daji, mai zafi, kuma wani ɓangare na abin da ke sa wata kansar wuya ta yi sanyi wata ta yi wuta yana ɓoye ne a wani sashe na DNA, rubutun gadon da ke jikinmu, wanda su kansu masana suka daɗe suna kira bola.

Bari na fara da tayirod ɗin kanta. 'Yar tsoka ce a gaban wuya, ƙasan zakaran wuya kaɗan, siffarta kamar malam-buɗe-littafi. Aikinta ta ɗebi aidin daga abinci ta haɗa homon, wato sinadarin da ke kai saƙo ga sassan jiki, ta zuba a jini, shi ne ke saita gudun jiki, bugun zuciya, ɗumi, ƙiba da rama. Irinta ake ce wa gilan, kuma tana da 'yan uwa, akwai adirinal guda biyu da ke zaune kan ƙoda kamar hula, akwai fitutari ƙarƙashin ƙwaƙwalwa wadda ba ta wuce ƙwayar wake ba amma ita ce mai ba sauran umarni. In aidin ya yi ƙaranci sai tayirod ta dinga kumbura tana neman kamo ɗan abin da ya samu, shi ne maƙoƙo, shi ya sa tun 1993 Najeriya ta wajabta saka aidin a gishiri. Kuma gaskiya mafi yawan ƙullutun wuya, sama da 9 cikin 10, ba kansa ba ne, kar wani ya karanta wannan ya kasa barci.

To DNA fa? A cikin kusan kowane sel na jikinka, wato ƙananan halittun da suka haɗu suka gina jiki, akwai wani zare da in za a warware shi zai kai mita 2, rubutu ne da haruffa 4 kacal, A, C, G da T, kwafi biyu, na uwa da na uba, kowanne wajen harafi biliyan 3. Da aka gama babban aikin karanta shi a 2003 sai abin ya ba kowa mamaki, don ƙwayoyin gadon da ke ɗauke da tsarin haɗa furotin, wato kayan gini da ma'aikatan jiki, wajen 20,000 ne kawai, kuma rubutunsu gaba ɗaya bai kai kashi 2 cikin 100 na zaren ba. Sauran kashi 98 ba sa haɗa furotin ko ɗaya. Tun 1972 wani masani ɗan asalin Japan, Susumu Ohno, ya yaɗa musu suna da ke nufin tarkace ko bola, sunan kuma ya bi su.

Ni yadda na fi gane shi, ka hau kan kanal a Kadawa ka duba. Wanda bai san noman rani ba shinkafa da tumatir kawai zai gani ya ce ga gona. Amma kanal ɗin da ya taho da ruwa tun daga Tiga, da ƙofofin ruwa, da ƙananan magudanai da ke shiga fangali, da kunyar da ta raba gonarka da ta wani, da burtali, ba a shuka komai a kansu, ba a girbe ko tiya ɗaya daga jikinsu. Sai dai ka bari a bar ƙofar ruwa a buɗe kwana uku ka ga yadda alkamar za ta koma. Irin lafiya lau, ƙasa lafiya lau, ƙofa ce kawai ta lalace. Sel ɗin wuyanka da sel ɗin idonka DNA ɗinsu ɗaya ne sak, abin da ya sa ɗaya ke haɗa homon ɗaya ke gani shi ne wace ƙofa aka buɗe wace aka rufe, ƙofofin nan kuma a cikin wancan kashi 98 suke. Wata tana manne da bakin ƙwayar gadon, wata tana can nesa da harafi dubu ɗaruruwa, amma da yake zaren a cukuikuye yake kamar igiya a buhu sai na nesa ya lanƙwaso ya taɓa na kusa.

Misalin da ke gabanmu ma kullum muna gani. Madarar shanu ɗanya da Bafulatani zai kwankwaɗa ya tafi kiwo, kai ka sha cikinka ya yi ta ƙugi. Kowa an haife shi da ƙwayar gadon narkar da sukarin madara, amma a yawancin mutanen duniya ana rufe ƙofarta bayan yaye. Fulani da yawa suna ɗauke da canjin harafi ɗaya, wajen harafi 14,000 nesa da ƙwayar gadon, shi ke hana ƙofar rufuwa har tsufa. Ba a taɓa ƙwayar gadon ba ko kaɗan.

Yanzu ga inda maganar take. Zaren DNA ɗin nan a rabe yake gida-gida, kowane yanki ana ce masa kuromosom, kuma kowanne yana da ɗauri a bakinsa, kamar yadda masaƙi ke naɗe bakin tabarma kar ta warware, ana ce masa telomiya. Duk sanda sel ya rabu biyu sai ɗaurin ya ɗan cinye, in ya rabu kamar sau 50 sai ya ƙare, sel ya tsufa ya tsaya. Wannan rahama ce ba ƙarama ba, don ko sel ya haukace ya fara hayayyafa ba kai ba gindi, akwai inda zai je ya ci birki. Akwai kuma wani inji a jiki da ke sake saƙa ɗaurin, telomares, waɗanda suka gano shi sun ci kyautar Nobel a 2009, babban ɓangarensa kuma daga wata ƙwayar gado ake haɗa shi mai suna TERT a kuromosom na 5. Lokacin da mutum yake ciki ƙofar TERT a buɗe take, amma a yawancin sel na baligi an garƙame ta.

A 2013 wasu ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Jamus ɗaya a Boston ta Amurka, suna binciken kansar fata sai suka ci karo da abu ɗaya. TERT ɗin kanta lafiyarta ƙalau, amma harafi 124 kafin mafarinta wani C ya koma T, a wasu kuma harafi 146. Shi kenan fa, harafi ɗaya cikin biliyan 3. Wannan canjin sai ya samar da mazauni ga wani furotin mai suna GABP wanda da ba shi da wajen zama a nan, ya zo ya ɗare ya danne ƙofar a buɗe, inji ya tashi, ɗaurin bakin tabarma ya daina cinyewa, sel ya daina tsufa. Abin da ya fi ba ni haushi da dariya lokaci guda, shekara da shekaru ana karanta DNA ɗin ƙullutun kansa amma kashi 2 ɗin nan kawai ake karantawa don ya fi araha, ana ta caje ɗaka alhali ɓarawon yana zaune a zaure.

A shekarar dai aka duba tayirod aka same shi. Kuma yadda ya rarrabu shi ne abin lura. A kansar tayirod da ta fi yawa, mai sanyin hali, wadda sama da 9 cikin 10 na masu ita suna nan da ransu bayan shekara 10, kusan 1 cikin 10 ne ke da canjin TERT. A wadda ta fara rikiɗewa wajen 4 cikin 10. A mafi muni, anafilastik, wadda ke iya gamawa da mutum cikin watanni, kusan 7 cikin 10. Ya fi fitowa a masu shekaru, a yara kuwa da wuya ka gan shi. In kuma ya haɗu da wani canjin da ke cikin ƙwayar gadon BRAF, wanda shi totur ne da ya maƙale, to an gamu, ɗaya na cewa ku hayayyafa ɗaya na cewa ba mai tsufa, masana a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun nuna masu ɗauke da biyun tare cutar ta fi dawo musu bayan aiki kuma ta fi kisa. Sannan irin wannan kansar ta fi yawan daina shan aidin, alhali babban makamin likitoci bayan tiyata shi ne aidin mai tururin nukiliya da ake ba mutum ya sha, sel ɗin tayirod su zuƙe shi ya ƙone su. In sun daina zuƙa makamin ya faɗi.

Ba wanda ya karanta DNA ɗin ƙullutun Baba. Wanzami ne ya fara tsaga shi, aka shafa magani, aka yi rubutu, sai da numfashi ya fara sarƙewa aka ɗauki shatar mota zuwa birni, can kuma aka ce an makara. Amma dattijo, namiji, ƙullutu mai tauri da ke girma cikin watanni, dishewar murya, duk wanda ya san abin zai ce wannan hoton wancan rukunin ne. Kuma a lura, canjin TERT ɗin nan ba gadonsa ake a kansar tayirod ba, a cikin ƙullutun yake faruwa, don haka 'ya'yan Baba ba su da abin ɗaga hankali ta wannan fuskar.

Akwai dai wanda ake gada. A 2009 masu bincike a Aislan, ƙasar da kusan kowa an san asalinsa kaka da kakanni, sun gano wurare biyu, a kuromosom na 9 da na 14, da ke ƙara wa mutum haɗarin kansar tayirod. Duka biyun ba a cikin ƙwayar gado suke ba, suna maƙwabtaka ne da FOXE1 da NKX2-1, waɗanda su ne magina tayirod tun mutum yana ciki. Ƙarin haɗarin ba wani mai yawa ba ne, kwafi ɗaya bai kai ninki biyu ba, kuma miliyoyin mutane na yawo da shi ba abin da ya same su. Amma ba a nan kaɗai ba, in ka tattara irin waɗannan binciken na cututtuka daban-daban kusan kashi 90 cikin 100 na wuraren da ake ganowa a wajen ƙwayoyin gado suke faɗawa.

Wani sashen bolar kuma ba ƙofa ba ne, 'yan aike ne. Ana kwafo shi zuwa RNA, wato kwafin saƙon da sel ke ɗaukowa daga DNA, amma ba ya zama furotin, sai ya tsaya a haka yana aiki. Akwai ƙanana masu harafi wajen 22 da Victor Ambros da Gary Ruvkun suka gano a jikin wata 'yar tsutsa a 1993, mutane suka ɗauka abin tsutsa ne kawai, sai ga shi a 2024 an ba su Nobel. Aikinsu tare saƙo a hanya, an aiko a haɗa furotin kaza sai su riƙe takardar. Tun 2005 aka ga uku daga ciki, miR-221 da miR-222 da miR-146b, suna yin yawa fiye da kima a kansar tayirod, biyun farko kuma saƙon da suke tarewa har da na wani furotin mai taka wa rabuwar sel birki.

Na adirinal shi ya fi burge ni wallahi. A kuromosom na 11 akwai wasu maƙota biyu, IGF2 mai cewa a girma, da H19 wanda dogon RNA ne da ba ya haɗa furotin. Kowa yana da kwafi biyu, na uwa da na uba, amma tsarin shi ne IGF2 na uba kaɗai ke magana, H19 kuma na uwa kaɗai, kuma abin da ke raba musu wannan girkin wani ɗan fili ne a tsakaninsu da ake yi wa tambari. A kansar ɓawon adirinal sau da yawa sai kwafin uwa ya ɓace na uba ya zama biyu, sai ka samu IGF2 ya cika gida a kusan 9 cikin 10 na masu cutar. Cuta ce da ba ta da yawa, mutum 1 ko 2 cikin miliyan a shekara, amma da yake gilan ɗin homon take fitarwa alamunta na da ban tsoro, mace ta fara gemu murya ta yi kauri al'ada ta ɗauke, ko fuska ta kumbura ta yi zagaye ga hawan jini da suga lokaci guda. A ƙauye ka san inda za a fara kai ta, wajen mai ruƙiyya. Fitutari ma akwai irin wannan, wani dogon RNA mai suna MEG3 da shi ma na uwa ne ke aiki, ana samun ya yi shiru a ƙullutun da ba sa fitar da homon, kodayake su galibi ba kansa ba ne, matsalarsu danne jijiyar ido.

Kansar furostet, wata 'yar tsoka ta maza da ke ƙarƙashin mafitsara, ba ta cikin wannan gidan kai tsaye, amma da homon ɗin maza take rayuwa, kuma ta shafe mu sosai. A kuromosom na 8 akwai wani dogon fili da masana ke ce wa hamada don ba ƙwayar gadon furotin a ciki, a 2006 aka gano yana da hannu a yawan wannan cutar a baƙaƙen Amurka, waɗanda yawancinsu asalinsu nan Afirka ta Yamma ne, ƙofofi ne a wajen da ke lanƙwasowa su taɓa MYC, wani babban totur na kansa.

Sai dai kar a ɗauke ni mai tallan maganin gargajiya a kasuwar Kura, wanda maganinsa ɗaya ke warkar da cuta 99. A 2012 wani babban aikin binciken DNA mai suna ENCODE ya ce kashi 80 cikin 100 na DNA yana wani motsi, jaridu suka ce an binne maganar bola, masana da yawa suka ce a'a, motsi daban amfani daban, abin da za a iya rantsuwa yana da muhimmanci bai fi wajen kashi 10 ba. Hujjarsu da na fi so a gonarmu take, albasa. DNA ɗin albasa ya ninka na mutum wajen sau 5, haka alkama. Ko dai albasa ta fi mu sarƙaƙiya sau 5 ko kuma akwai ciko da yawa, ni dai na san wanda na zaɓa. Kuma a 2020 da aka karanta DNA ɗin ƙullutun kansa sama da 2,600 daga farko har ƙarshe ana sa ran a yi ta tono irin TERT, sai aka samu ba su da yawa, yawancin manyan direbobin kansa har yanzu a cikin ƙwayoyin gado suke. TERT ce dai giwar.

To me wannan ya ƙara wa mara lafiya? Magani kai tsaye tukuna. Ga BRAF akwai ƙwayoyin magani, tun 2018 Amurka ta amince da haɗin dabrafenib da trametinib ga anafilastik mai wannan canjin, amma ƙofar TERT ba a samu abin rufe ta a tayirod ba. Cewa ana iya gyara ƙofa kuwa an riga an gani, kuma a cutarmu aka gani, sikila. Maganin Casgevy da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 ba ya taɓa ƙwayar gadon sikila sam, ƙofar wata ƙwayar gado mai suna BCL11A yake lalatawa don jiki ya koma haɗa irin jinin jarirai. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2, ka ji fa, a ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila muna jin labarinsa ne a rediyo.

Inda ilimin ya fara aiki yau shi ne rarrabewa. In an tsiro allura an zuƙo ɗan abin cikin ƙullutu aka duba a madubin likita, wani lokacin amsar ba ta fita, ba a ce kansa ba ba a ce lafiya ba. A Amurka sai a tura samfurin a duba TERT da BRAF da ƙananan RNA ɗin nan, a san wa za a cire wa tayirod gaba ɗaya ya koma shan ƙwayar homon har ƙarshen ransa, wa za a cire wa rabi, wa za a ce je ka dawo bayan wata 6. Mu a nan ko an samu na'urar akwai wata matsalar, wajen kashi 2 cikin 100 ne kawai na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu 'yan asalin Afirka, alhali mu muka fi kowa bambancin DNA a duniya, kuma ƙofofin nan sun fi ƙwayoyin gadon kansu saɓawa daga al'umma zuwa al'umma. Taswirar kanal ɗin Aislan ba lallai ta kai ka gonarka a Bunkure ba. Ga shi kuma inda aidin ya yi ƙaranci nau'in kansar ma yakan bambanta, masu zafin sun fi yawa, geron da muke ci safe da dare shi ma an nuna a Sudan yana da sinadarin da ke rage wa tayirod ƙarfin amfani da aidin, ba wai a daina fura ba, a dai daina barin gishiri a buɗe a rana ko sayen na buhu da ba a san asalinsa ba.

Bayan rasuwar Baba na matsa wa Gwaggo sai mun je an duba nata. Ta ce, “Kai ɗan nan, abin da na yi goyon ubanka da shi yau za ka ce zai kashe ni?” Ƙarya take, bai kai haka daɗewa ba, amma na ƙyale ta. Na ce Gwaggo dan Allah ki yi min wannan ɗaya. Muka hau mota daga Kwanar Gafan da asuba, aka shafa mata wani abu mai sanyi a wuya aka yi sikanin, aka ga ƙullutu huɗu, ɗaya likitar ba ta gamsu da shi ba ta ce sai an sa allura. Gwaggo ta riƙe hannuna kamar za ta karya, allurar ko minti biyu ba ta yi ba. Sati biyu muka jira. Sakamako ya ce ba kansa ba ne, a dawo bayan shekara, amma in ta ji murya ta canza ko haɗiya ta fara wuya ko wani ya yi tauri ko ya fara girma da sauri kar ta jira shekarar.

A hanyar dawowa ina ta mata bayanin ƙofofin ruwa da harafi ɗaya da albasa, ta yi shiru har muka wuce Kura, sannan ta ce ita dai abin da ta gane an kashe kuɗin bunsuru guda an gaya mata abin da ta sani tun da. Ranar komawarmu na rubuce a bangon ɗakinta da gawayi, ta sa jikarta ta goge, na sake rubutawa.